Darasi na Goma Sha Ɗaya: Kasafin Lokaci ga Mai Shirin Jarrabawar Shiga Karatun Kasuwanci

A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin sababbin jami'o'i tara da aka kafa a waccan shekara. Kafin nan, ɗan Dutsin-Ma ko ɗan Kurfi da ke son digiri a fannin akanta ko gudanar da kasuwanci sai ya ɗaure kayansa ya nufi Zariya, Kano, Sakkwato ko birnin Katsina. Yau karatun ya zo ƙofar gida. Magidanci zai iya kwana cikin iyalinsa ya wayi gari a aji, matar aure ma haka. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ga mai sha'awar koyarwa. Abin da ya rage tsakanin mutum da ajin digirin shi ne sakamakon sakandare mai kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, sai jarrabawar hukumar JAMB. Hukumar ba ta ce wani ya tsufa da zama jarrabawarta ba.

Wannan darasi naku ne, ku da kuka dawo karatu bayan kun daɗe da ajiye biro, masu shago, masu aikin ofis, manoma, teloli, iyayen yara. Ɗan makarantar da ya gama sakandare bara yana da yini sukutum, kai kuwa tun kafin rana ta fito an riga an raba naka. Don haka shirinka ba zai zama irin nasa ba.

Fara da sanin jarrabawar

An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin jarrabawarta. Darussa huɗu ne. Turanci dole ne ga kowa, yana da tambaya 60. Sauran ukun kowanne tambaya 40. Mai neman fannin gudanar da kasuwanci ko akanta yakan ɗauki lissafi da ilimin tattalin arziki, sannan ya ƙara ɗaya daga cikin darussa irin su kasuwanci, gwamnati ko labarin ƙasa. Ka duba kundin hukumar na shekarar da za ka zauna kafin ka zaɓa, domin kowace makaranta da abin da take karɓa. Jimlar tambayoyi 180, jimlar maki 400, lokaci awa biyu.

Ɗauki fensir ka yi wannan lissafi da hannunka. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ce. Raba ta gida 180, kowace tambaya ta tashi da daƙiƙa 40. Cikin daƙiƙa arba'in ɗin nan za ka karanta tambaya da Turanci, ka gane abin da ake nema, ka yi aikin lissafi in akwai, ka duba amsoshi huɗu, ka danna ɗaya. Mutum zai iya sanin darasi sarai ya faɗi, domin kawai agogo ya riga shi. A sakamakon 2024, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 ba. Ba na shakkar cewa da yawansu sun yi karatu. Abin da ba su saba da shi ba shi ne amsa tambaya agogo yana tafiya.

Ke nan lokaci iri biyu za ka tsara, na watannin shiri da na cikin ɗakin jarrabawa. Na farkon ya fi wuya, shi za mu fi daɗewa a kansa.

Daga ina awar karatu za ta fito?

Babi na farko a littafin ilimin tattalin arziki yana koyar da abu biyu. Buƙatun ɗan Adam sun fi abin hannunsa yawa, saboda haka sai ya jera su bisa muhimmanci. Kuma duk abin da ya zaɓa, ya sadaukar da wani ne ya same shi. Za a tambaye ka wannan a jarrabawa, amma tun yanzu ka fara aiki da shi. Babu wata awa da take zaune kawai tana jiranka. Duk awar da za ka ba littafi, daga wani abu za ka yanko ta: barci, majalisa, gidan kallon ƙwallo, waya, ko ciniki. Wanda ya ce "zan yi karatu in na samu lokaci" bai yanke komai ba, shi ya sa ba ya samu.

Mataki na farko, ka yi kwana bakwai kana rubuta yadda yininka ke tafiya, ba tare da ka canza komai ba. Ƙaramin littafi a aljihu ya isa. Daga sallar asuba zuwa fitowar rana me ka yi? Tsakanin azahar da la'asar fa? Bayan isha'i har ƙarfe nawa ka zauna a majalisa, kuma minti nawa WhatsApp da TikTok suka ci? Ka rubuta gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancin mutane sukan tarar akwai awa ɗaya ko biyu a kullum da ba za su iya cewa ga inda ta tafi ba.

Mu ɗauki misalin wani mai shagon kayan masarufi a Kurfi, wanda ya rage masa mako goma sha biyu kafin jarrabawa. Ranar Laraba yana kasuwar Dutsin-Ma saro kaya, ya fita da sassafe, ya dawo a gajiye. Wannan rana ya cire ta daga lissafi gaba ɗaya, kada ya yaudari kansa. Cikin sauran kwana shida, ya ware biyar: minti hamsin bayan asuba kafin ya buɗe shago, minti arba'in bayan isha'i. Awa ɗaya da rabi ke nan kullum, awa bakwai da rabi a mako. Rana ta shida kuma ya ba da awa biyu da rabi a zama ɗaya don jarrabawar gwaji. Mako ya ba shi awa goma. Mako goma sha biyu, awa 120.

Amma kada ya tsara shirinsa a kan 120. Cikin wata uku za a yi rasuwa a dangi, za a yi suna, za a ɗaura aure, zazzaɓi zai kwantar da shi ko ya kwantar da yaro. Ya cire mako biyu tun yanzu, ya yi aiki da awa 100. In Allah ya sa makonni biyun ba su salwanta ba, riba ce. Tsarin da bai bar wa lalura wuri ba, a mako na uku yake rushewa, mai shi kuma ya karaya ya watsar da komai, alhali laifin tsarin ne.

Cikin awa ɗarin nan, 25 na jarrabawar gwaji ne. Saura 75. Kada a raba su daidai tsakanin darussa huɗu. Ɗan kasuwa ya riga ya san riba da faɗuwa, ya san yadda farashin masara ke sauka da kaka ya hau da bazara, saboda haka darasin kasuwanci da na tattalin arziki ba baƙi ba ne gare shi, sunayen abubuwa da Turanci kawai yake buƙata. Inda yakan sha wuya shi ne lissafin boko, irin su aljabra da logaridim da jometiri, sai kuma karanta dogon nassi da Turanci cikin sauri. Mai irin wannan hali ya ba lissafi awa 30, Turanci 20, tattalin arziki 15, na huɗun 10. Ma'aikacin ofis da ya saba karanta takardu zai iya rage na Turanci. Abin da zai nuna maka naka rabon shi ne ka ɗauki tambayoyin wata shekara da ta wuce, ka amsa su tun ranar farko kafin ka karanta komai, ka ga inda ka fi zubewa. Zuciya takan ja mutum zuwa darasin da ya iya, don yana da daɗin karantawa. Ka sa ido a kan wannan. Minti hamsin na asuba, lokacin da kai yake sake, na darasin da kake tsoro ne.

Mutanen da lokacinka yake hannunsu

Littattafan da aka rubuta a wasu ƙasashe kan tsara lokaci suna magana kamar mutum shi kaɗai ke da iko da yininsa. A nan ba haka muke rayuwa ba, kuma ba na ganin ya kamata mu zama haka. Zumunta a ƙafa take. Ba za ka ƙi zuwa jana'iza don kana da aljabra ba. Abin da za ka yi shi ne ka nemi izini da goyon baya tun da wuri, da bakinka, ka kuma faɗi ranar da abin zai ƙare. Mutane suna iya haƙuri da abin da suka san iyakarsa.

Yaron shago zai iya samun ubangidansa ya ce: "Alhaji, ina neman alfarma. Na yi rajistar JAMB, saura wata uku. In ka yarda, ranar Lahadi in riƙa zuwa bayan azahar, har a gama." Matar aure ta ce wa mijinta: "Maigida, daga yanzu zuwa jarrabawa, in yara sun tafi Islamiyya da la'asar, wannan lokacin nake so ya zama na karatuna. Girkin dare zan riƙa ɗora shi da wuri." Abokan majalisa kuwa a gaya musu kai tsaye cewa za a riƙa tashi da an idar da isha'i, kuma bayan jarrabawa za a dawo. Za su yi tsiya kwana biyu, su bari.

Ke da kike da goyo ko ƙananan yara, minti hamsin a jere ba lallai ya samu ba. Kada ki ce tunda bai samu ba an fasa. Minti ashirin sau uku ya fi babu, kuma ga haddar ƙa'idojin lissafi da sababbin kalmomin Turanci, gajerun zama sun ma fi amfani. Rubuta su a ƙananan takardu ki ajiye kusa da inda kike aiki. Sai dai jarrabawar gwaji ta mako tana son awa biyu cur babu mai kiran sunanki. Wannan sai an nemi taimako: kishiya, ƙanwa, maƙwabciya ko Inna ta riƙe yaran, ke ma ki rama mata wata rana.

Akwai kuma abin da yanayin garinmu ke yankewa. Rajista takan kasance a farkon shekara, jarrabawa kuma wajen Afrilu ko Mayu, wato shirin yana faɗawa cikin tsananin zafin bazara. Karatun tsakar rana a Maris wahala ce kawai, kai ba ya ɗauka. Wuta ba abin dogaro ba ce, don haka fitilar sola ko mai caji tana cikin kayan karatu, daidai da littafi. A 'yan shekarun nan azumi ma cikin watannin shiri yake zuwa, a 2025 ya cinye watan Maris, kuma kowace shekara yana dawowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. In ya faɗo cikin makonninka, mayar da karatu mai nauyi bayan sahur da asuba, ka sauƙaƙa na dare saboda asham, goman ƙarshe kuwa ka sa su cikin makonnin da ka riga ka cire. Kuma kada duk karatunka ya rataya a kan intanet. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar saboda matsalar tsaro. Sayi littafin tambayoyin shekarun baya na takarda, ka buga manhajar hukumar ka ajiye. Wanda yake zuwa darasin haɗin gwiwa a wani gari, ya tsara shi da rana, kada dare ya same shi a hanya.

Abin da za a yi cikin awar

Samun awa daban, cin moriyarta daban. Mutum zai iya zama awa biyu yana bin layi da ido, ya rufe littafi yana jin ya yi karatu, bayan kwana uku babu abin da ya rage. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa kan mantuwa a 1885, inda ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta, cikin awoyi da kwanakin farko yake zubewa, kuma maimaitawa da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai: wasu suka yi ta sake karanta nassi, wasu suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno shi. Bayan mako guda, masu tunowa suka fi riƙewa.

Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun yana yaro. Ba a wanke allo sai an biya wa malam karatu da ka, kuma duk yawan ƙarin da aka yi, ba a barin tilawar baya. Haka za ka yi da lissafi da tattalin arziki. Minti goma na farkon kowane zama na jiya ne da na makon jiya, littafi a rufe, kana rubuta abin da ka tuna. Sannan sabon abu. Sannan tambayoyi goma a kan sabon abun, da agogo a gabanka. Ka buɗe littafi guda na kurakurai, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta ta, ka rubuta dalili: ban san ƙa'idar ba, ko ban gane Turancin ba, ko gaggawa na yi. Kowanne da maganinsa, kuma a makon ƙarshe wannan littafi ya fi kowane littafi amfani gare ka.

Hukumar takan sa littafin labari guda da za a yi tambayoyi a kansa cikin darasin Turanci, kuma tana sauya shi bayan 'yan shekaru. Tabbatar da na shekararka. Irin wannan karatu shi ya dace da zaman jiran mai saye a shago ko cikin mota. Waya kuwa, lokacin karatu a bar ta a wani ɗaki. Juya ta a kife kusa da kai ba ya hana hannu kai mata.

Awa biyun

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, kada ranar jarrabawa ta zama ranarsa ta farko. Ba a buƙatar gwaninta: haruffan A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta mayar da kai baya, S ta miƙa aiki. Amma hannun da bai saba ba yakan ci mintuna cikin rawar jiki. Je shagon kwamfuta ko cibiyar gwaji ka yi sau uku ko huɗu, kuma in da hali ka yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar kanta ke shiryawa kafin ta gaske. Ba a shiga da waya ko agogon hannu ko kalkuleta. Akwai kalkuleta a jikin allon kwamfutar, akwai kuma agogo da ke ƙirga abin da ya rage maka. Ka saba da su.

Daƙiƙa arba'in matsakaici ne, ba a raba ta daidai. Tambayar kasuwanci ko gwamnati, ko ka sani ko ba ka sani ba, dogon tunani ba ya ƙara komai. Tambayar lissafi kuwa tana son aiki a takarda. Ga rabon da za ka fara gwadawa: darasi na huɗu minti 15, tattalin arziki 20, Turanci 35, lissafi 40, saura minti 10 na komawa kan waɗanda ka tsallake. Gwada shi a jarrabawar gwaji ta mako, ka gyara shi ya dace da kai, ta yadda ranar gaske ba sai ka tsaya shawara ba. Ina ba da shawarar a fara da darasin da aka fi iyawa, domin maki ya taru da wuri kuma hankali ya kwanta.

Doka ɗaya da nake so ka riƙe da ƙarfi: tambayar da ta wuce minti ɗaya ba ta buɗe ba, zaɓi amsar da ta fi kama da daidai, ka rubuta lambarta a takarda, ka wuce. Manya sun fi yara faɗawa wannan rami, saboda mutum ya saba in ya kama aiki sai ya ga bayansa, kuma yana jin kunya ce tambaya ta gagare shi. Amma minti biyar da ka kashe a kan tambaya ɗaya, kuɗin tambaya bakwai ne da wataƙila ka san amsarsu. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ka bar ko ɗaya babu amsa.

Takardar shiga jarrabawa tana ɗauke da cibiya da rana da lokaci. Buga ta da zarar an fitar. Wasu akan sa su da sassafe, kuma kafin a shiga akwai layin tantance yatsa. In an tura ka Katsina, wajen kilomita sittin daga Dutsin-Ma, ko wani gari mai nisa, tafi tun ana gobe ka kwana wurin dangi, ka je ka ga ƙofar cibiyar da idonka kafin magariba. Daren nan ba na sabon karatu ba ne, na barci ne.

Ga masu digiri da ke hangen gaba

Wasu cikinku, ko 'ya'yanku, sun riga sun yi digiri na farko, suna neman na biyu a gudanar da kasuwanci, wanda ake kira MBA. Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano da takwararta ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna da nasu sharuɗɗan ɗauka. Makarantu da yawa a Amurka, Ingila da wasu ƙasashe kuwa suna neman sakamakon wata jarrabawa mai suna GMAT, wadda aka fara yi tun 1954. A sabon tsarinta tambaya 64 ce cikin awa biyu da kwata, kashi uku, kowane kashi minti 45: lissafi 21, fahimtar nassi da hujja 23, nazarin bayanai 20. Wajen minti biyu ke nan ga kowace tambaya, amma tambayoyin sun fi zurfi. Kwamfutar tana ƙara wuya ko ta sassauta gwargwadon yadda kake amsawa, ba ta barin ka tsallake tambaya, amsa uku kaɗai za ka iya canzawa a ƙarshen kowane kashi, kuma barin tambayoyi babu amsa yana rage maki sosai. Duk abin da muka faɗa game da ƙirga awoyi da gwaji da agogo ya hau kanta.

Aikin yi kafin zama na gaba

1. Rubuta yadda kwana bakwai naka suka tafi, daga asuba zuwa kwanciya. Ja layi ƙarƙashin duk abin da za ka iya ragewa na wata uku, ka rubuta minti nawa zai ba ka. Ƙirga makonnin da suka rage maka, cire biyu, ka fitar da jimlar awoyinka.

2. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya amsa tambaya 15 na shekarun baya cikin minti 10, sannan ku yi musanya. Kowa ya rubuta nawa ya kai, nawa ya ci, da dalilin kowace da ya faɗi.

3. Wa ya kamata ka nemi izininsa ko taimakonsa a gida ko wurin aiki? Rubuta abin da za ka ce masa, da ranar da za ka gaya masa an gama, ka zo da shi a karanta a aji.